Ƙananan Robobin Oga Bulus

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da bazarar shekarar da muka sa tayil a falo ba. Zafin Yola kowa ya san shi, amma na wannan shekarar daban ne. Ruwan randa ma sai ya yi ɗumi kamar yanzu aka sauke shi daga murhu, mutum ya yi wanka, kafin ya gama ɗaura zane ya sake jiƙewa. Duk da haka shekara ce mai daɗi a wurinmu. Gari ya lafa, an rage shingayen sojoji a hanya, mun daina zabura idan tayar mota ta fashe. A shekarar ce kuma muka bar ɗakin haya a Jimeta, muka tsallaka gada, muka shiga gidan kanmu a Damare.

Mu mutanen Borno ne. Da ƙafa muka baro garinmu lokacin da abin ya yi tsanani, ni da maigidana Malam da yara, daga mu sai kayan jikinmu. Malam ya fara kasa huluna da turare a bakin kasuwar Jimeta, a hankali Allah ya sa wa abin albarka. Aka sayi fili, aka buga bulo, aka rufa kwano. Mun tare ba a ƙarasa falon ba, ƙasansa siminti ne tsirara, kullum sai na yayyafa ruwa kafin in share.

Sai ga maganar auren 'yata Yagana ta taso. Yaron sunansa Buba, yana aiki a jami'a ta wajen Girei, ɗan wani tsohon gida ne a cikin Yola, irin gidajen nan da ko kakan kakansu a garin aka haife shi. Aka sa ranar kawo lefe. Tun daga nan barcina ya ragu. Abu ɗaya nake tsoro: matan nan su shigo, su dubi falona, su dubi juna, su ce, "Allah sarki, 'yan gudun hijira ne." Na gaji da "Allah sarki." Shekaru ina karɓarta, a layin rabon abinci, a asibiti, a gidan suna. Ina son a kawo lefen 'yata gidan mutane masu mutunci, a zauna a sha ruwa, a tashi ba wanda ya tausaya mana.

Na faɗa wa Malam haka, ya ce za a sa tayil.

Wanda aka samo mana shi ne Oga Bulus, dattijo mutumin wajen Numan, mai furfura a gemu da tsohon babur. Ran Asabar ya zo da sassafe. Ya ɗaura zare daga wannan bango zuwa wancan, ya kwaɓa siminti, yana ɗora tayil yana bubbuga shi da guduman roba kamar mai lallashin jariri. Ni kuma ina leƙe ta labule ina jin daɗi. Na kai masa kunun tsamiya ya sha ya ce, "Mama, ka iya kunu." (Oga Bulus kowa "kai" ne a wurinsa, mace da namiji. Da farko ina waigawa in ga ko da Malam yake.)

Bayan azahar ya gama shimfiɗawa. Ya wanke hannu, ya gitta katako a ƙofar falon, ya ce, "Mama, kada kowa ya shiga nan sai Litinin. Ko kaza kada ya shiga. Gobe ina coci, Litinin kuma ina da wani aiki a Girei, abokin aikina zai zo ya cika layin da farin siminti."

Na ce to. Ban tambayi dalili ba. A nan ne matsalar take, domin ni ba mai tambaya ba ce. Haka aka raine ni: mace ta ji, ta gani, ta yi shiru. Ko a ajin yaƙi da jahilci da na shiga a Jimeta, na fi wata ina rubuta harafin "b" yana kallon hagu, don kunyar in ɗaga hannu.

Yana fita na je ƙofar falon don in ƙare wa aikin kallo. Tayil fari sol, layi a miƙe kamar an ja da rula. Ina cikin murmushi sai idona ya sauka a kan wani abu. A kowace kusurwa, inda tayil huɗu suka haɗu, an soka wata 'yar farar roba. Na durƙusa na duba ta kusa da ƙofa. Gicciye ne. Ƙaramin kuros, bai kai farcen babban yatsa ba. Na ɗaga kai, sai na ga falon gaba ɗaya su ne, jere reras, daga ƙofa har ƙarshen bango.

(Malamarmu ta lissafi ta koya mana wannan alamar, ta ce sunanta tarawa. Wallahi ranar ban ga tarawa ba.)

Gabana ya faɗi. Na ce, shi ya sa ya hana a shiga! Shi ya sa har da kaza! Wato a bar su su kwana biyu su kama, Litinin a zo a binne su da siminti, mu yi ta salla a kansu har ƙarshen rayuwarmu ba mu sani ba.

Kada ku yi mini mummunar fahimta. Ranar da muka iso Jimeta ƙafafu a kumbure, wata mata 'yar coci ce ta fara ba mu tabarma da tukunya, kuma har gobe muna zumunci. Amma shekarun nan sun koya mana tsoron duk abin da aka ajiye aka tafi. Leda a gindin bishiya, jaka a bakin masallaci, baƙon da ya tambayi hanya sau biyu. Zuciyar da ta saba da haka ba ta tsayawa ta yi tunani, sai dai ta yi tsalle.

Malam yana kasuwa, yara sun tafi islamiyya, Yagana ta je wajen tela. Na yi alwala. Na karanta duk abin da na haddace. Na cire takalmi don kada in ɓata wa mutumin aiki (ku ji fa, wai kada in ɓata masa aiki), na ɗauki hantsakin cire ƙaya, na tsallake katakon na shiga.

Na ji tayil ɗin yana ɗan motsi a ƙarƙashin ƙafata, laushi-laushi kamar ana taka katifa. Na ce a raina ai haka sabon tayil yake, ina na taɓa taka sabo? Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina durƙuso ina rarrafe, ina bisimilla ina cirewa. Wanda ya ƙi fita sai in dafa tayil ɗin da gwiwa in ɗan tura shi gefe. Gumi yana zuba, bayana yana ciwo, amma ina jin kaina kamar wadda ta tare wa iyalinta harsashi. Kafin la'asar sakaliya ban bar ko ɗaya ba. Na ƙulle su a baƙar leda, na cusa a tsohon gwangwanin madara, na ɓoye bayan buhun masara. Na mayar da katakon yadda yake. Ban gaya wa kowa ba, don kada Malam ya je ya yi rigima da mutum ana saura kwanaki kaɗan a karɓi baƙi.

Litinin abokin aikin ya zo, ya cika layukan da farin siminti, ya goge, ya tafi. Da aka wanke falon sai abin ya fito fili. Wani layin siriri kamar zare, wani kuma yatsana zai shige. Wani ya taso daga ƙofa a miƙe, ya zo tsakiya ya yi kwana kamar hanyar shanu. Akwai inda bakin tayil ɗaya ya hau sama, autana ya yi tuntuɓe da shi tun ranar farko.

Kun san me na ce a raina? Na ce, ashe! Ashe da asiri yake aiki, da aka cire masa kayansa ga ainihin hannunsa ya fito.

Malam mutum ne mai sanyi, amma ranar ya hau. Ya kira Oga Bulus a waya, ya zo da yamma. Ina bayan labule ina ji.

"Oga Bulus, wannan ne aikin da aka yi ta yabonka a kai? Surukai za mu karɓa a ɗakin nan. Dubi nan. Dubi can. Ko makaho ai zai laluba ya gyara."

Dattijon ya durƙusa, ya shafa layin da yatsa, ya rufe ido ɗaya ya hango, ya sake rufe ɗayan. Ya cire hularsa. Sannan ya ce, "Malam, tun ina saurayi nake wannan aiki, ban taɓa yin irin wannan ba. Ka yi haƙuri. In ka yarda a fasa a sake."

Ina lokacin fasawa? Lefe ran Asabar ne. Ya tura babur ɗinsa har bakin titi kafin ya tayar. Ni kuwa ina bayan labule ina gyaɗa kai, wai Allah ya kama shi.

Na aro kafet a maƙwabta, ya rufe tsakiya ya bar gefe. Na jera kujeru a kan inda ya fi muni, na ɗora tukunyar fulawar roba a kan tayil ɗin da ke sa tuntuɓe. Ran Asabar na turara gidan da turaren wuta irin namu na Borno, har sai da maƙwabta suka leƙo.

Suka iso da hantsi, motoci biyu, akwatuna a kai, ana guɗa. Shugabarsu Goggo Dudu ce, yayar baban ango, doguwar tsohuwa fara mai carbi, wadda idan ta dube ka sai ka tuna duk laifin da ka yi tun kana yaro. Sai Adda Mairo, yayar ango, mai fara'a da yawan dariya, da wasu mata kamar shida. Ni kuma ina da ƙanwata da matan unguwa. Yagana tana ɗaki ta cikin falon, a lulluɓe, kunnenta a jikin ƙofa.

Aka gaisa, aka kawo ruwa da lemo. Ba wuta, fanka tana tsaye kamar hoto. Ba a jima ba Goggo Dudu ta fara fifita da gefen mayafi, ta sauko daga kujera, ta kira ni uwar Yagana da Fulatanci, ta ce, "Dada Yagana, don Allah a naɗe kafet ɗin nan. Wa yake zama a kan bargo a wannan zafi? Tayil ai don sanyi aka yi shi."

Na ce, "Goggo, ai ƙasan..."

"A naɗe, a naɗe. Mu ba baƙi ba ne."

Kafin in sake buɗe baki 'yan matansu sun naɗe shi, sun ja kujeru baya don a sami wurin buɗe akwati, wata har ta ɗauke tukunyar fulawar. Falona ya fito tsirara a gaban matan Yola.

Kowa ya gani, kowa yana yi kamar bai gani ba. Goggo Dudu tana jan carbi, amma na ga idonta yana bin wani layi tun daga ƙofa, ya yi kwana tare da shi. Sai ta ce a hankali, "Allah sarki. Masu aikin yanzu, idan suka ga mutum baƙo ne a gari..."

Kalmar da na yi wata guda ina gudu ke nan, ta same ni a tsakiyar falona. Na ce yau kam sai matan nan sun san cewa ba gidan sakarkaru suka zo neman aure ba. Ni da ba na haɗa jimla uku a gaban baƙi, na gyara zama na ce, "Goggo, ba a cuce mu ba. An dai so a cuce mu, Allah ya ba ni ido."

Duk suka juyo. Na ba su labari tun daga zare har katako, har da kaza. Na rage murya a wurin da ya kamata, na ɗaga a wurin da ya kamata. Ƙanwata tana salati, matan unguwa suna riƙe baki. Da na ga labarin ya karɓu sai na tashi da kaina, na je bayan buhun masara, na dawo da gwangwanin. Na kwance ledar na zazzage su a kan faranti a gaban Goggo Dudu, na ce, "Ga su. Da hannuna na cire su, ɗaya bayan ɗaya, tun simintin bai bushe ba."

Adda Mairo ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya. Na ce, "Adda, yi bisimilla tukuna."

Ta juya shi. Ta dube ni. Leɓenta ya fara rawa. Ta ce, "Dada... tun simintin bai bushe ba kika ce? Kika shiga? Kika taka?"

"Ba takalmi," na ce.

Shi ke nan. Ta kifa kai a kan akwatin lefe, kafaɗunta suna girgiza. Da ta ɗago hawaye ne a fuskarta. "Wayyo cikina! Dada, sifesa ne! Mu muke sayar da su a shagonmu na kayan gini a Jimeta, leda-leda. Su ake sakawa tsakanin tayil don layi ya tafi daidai, kada ya motsa kafin siminti ya kama. In ya bushe a cire a zubar. Wane ne mai aikin?"

Da ƙyar na ce, "Wani Oga Bulus."

"Baba Bulus! Goggo, Baba Bulus fa! Shi ne ya shimfiɗa tayil ɗin masallacin ƙofar gidanmu. Da irin waɗannan ɗin ya sa shi, ni na aika masa da su!"

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kun san idan mutum ya taka matakala a duhu yana zaton akwai saura, ƙafarsa ta faɗa wayam? Haka na ji, sai dai ni ban daina faɗawa ba. Na dubi layukan nan, sai yanzu na gane su. Ga inda na dafa da gwiwa. Ga inda na juya. Wancan mai kwana kamar hanyar shanu, hanyata ce, ni ce saniyar.

Falon ya fashe. Matan Yola suna dariya suna fassara wa juna da Fulatanci, matan unguwarmu da suka gama salati yanzu su ne suka fi kowa ƙyaƙyatawa. Ƙanwata ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga cikin ɗaki na ji Yagana ta ce "Wayyo Allah, Ya Mama!" da muryar wadda take son ƙasa ta tsage. Ta taga kuma, inda maza suke zaune a inuwa, na ji Malam ya yi tari irin wanda na san ma'anarsa.

Goggo Dudu ce kaɗai ba ta yi dariya da sauti ba. Ta sa carbi a baki ta cije, idonta ya cika da ruwa, jikinta yana rawa. Da ta samu numfashi ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Ta ce, "Dada Yagana, falon nan gaba ɗaya, ke kaɗai, a wannan zafin, da hantsaki?"

Na ce, "E, Goggo."

"To ni dai na samu abin da na zo nema. Uwar da za ta yi rarrafe a kan ɗanyen siminti saboda 'ya'yanta, 'yarta za ta riƙe mana Buba." Ta goge ido. "Amma don girman Allah, idan sun yi gini, kada ki je taya su."

Aka sake fashewa. A haka aka buɗe akwatuna, ana ɗaga atamfa ana dariya, ana nuna takalmi ana dariya. Ba wadda ta tausaya mini, wannan kam na samu. Da za su tafi Adda Mairo ta roƙi guda ɗaya, wai za ta nuna wa maigidanta. (Har yau idan na shiga cikin Yola gidan suna, sai in ji ana raɗa ana cewa ita ce, ita ce mai hantsakin.)

Bayan sun tafi Malam ya shigo ya tsaya a tsakiyar falon, hannu a baya, yana bin layukan da kallo. Na jira faɗa. Sai ya ce, "Na ce wa bawan Allah ko makaho zai fi shi." Da ya yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Washegari Lahadi na tashi da wuri, na dama kunun tsamiya na cika kula, na ɗauki ledar robobin. Malam ya kwatanta mini gidan, na hau Keke na tsallaka Jimeta. Na samu Oga Bulus a ƙofar gida ya yi shirin coci, yana goge babur. Sai na ga wani abu sabo a fuskarsa: tabarau mai kauri, har da igiya a wuya.

Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ledar a gabansa, na faɗa masa komai ban rage ba, har abin da na zarge shi da shi. Na ce ya yafe mini.

Ya buɗe ledar ya leƙa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dube ni ta ciki. Sannan ya zauna a kan dakali a hankali, ya ce, "Mama, kai ne?"

Na ce ni ce.

"Mama, ka san saboda falonka na je asibitin ido? Na ce wa matata tsufa ya zo, idona ya mutu, zan bar aiki in koma gona. Kwana uku ina yawo da wannan abu, ƙasa tana yi mini tudu-tudu, jiya saura kaɗan in faɗa kwata!"

Ya cire tabarau ɗin ya riƙe, ya fara dariya har yana buga cinya, ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta ga ciwon idonsa, ga shi ya zo da ƙafarsa har da kunu. Matar ta fito, ta ji, ta zauna a ƙasa. Ni ma tun ina rufe fuska har na saki. Ya ce bayan biki zai zo ya ɗaga na tsakiyan ya gyara, amma da sharaɗi: ranar a kai ni Girei in wuni, kada in kusanci falon.

Da zan tafi ya ce, "Mama, da ka tambaye ni ai da na gaya maka."

A hanyar dawowa, muna kan gada, na ga wani abu yana lilo a madubin mai Keke, ɗan ƙunshi kore da zare. Gabana ya fara 'yar faɗuwar nan da na sani. Na haɗiye kunya na taɓa kafaɗarsa na ce, "Ɗana, wannan mene ne?"

Ya ce, "Na ƙamshi ne, Hajiya."

Na ce, "To madalla. Wancan jan maɓallin fa?"